A Raba Tukunya Kafin Romo Ya Shiga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan wani abu da ke ɓata rai a wasu gidajen Hausawan Legas duk lokacin Sallah, musamman Babbar Sallah, alhali maganinsa bai wuce ludayi uku na soyayyen kayan miya ba. Mu masu girkin biki da suna ne a Agege da kewaye, tare da wasu masu ba da shawara kan abinci mai gina jiki.

Yanzu ba abin mamaki ba ne a samu mutum ɗaya a dangi wanda ba ya cin nama, ba ya cin kifi da ƙwai, ba ya shan nono da madara, ba ya taɓa man shanu, wani ma har zuma. Wani don lafiyarsa ya bari, wani tausayin dabba, wani kuma ransa ne kawai ba ya so. Sauran kwanakin shekara ba wanda ya damu da shi, yana girka abinsa yana ci. Sai ranar da aka kayar da rago a tsakar gida, dangi suka taru daga Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, aka shimfiɗa tabarma, sannan ake gane cewa duk abin da aka jera babu wanda zai iya kai wa baki in ban da farar shinkafa da zoɓo. Uwar gida ta ji an raina girkinta, shi kuma ya wuni da yunwa yana murmushin dole.

Yawancin matan da ke girkin Sallah sun ɗauka cewa matsalar yankan naman da ke saman abinci ce, don haka sai a tsame shi a miƙa kwano. Ba a nan take ba. Dubi yadda aikin yake tafiya a kowane gida: ana fara tafasa nama da albasa da citta da tafarnuwa da dunƙule, a tsame shi, a ajiye romon. A soya naman a mai. Daga nan wannan man ne za a soya kayan miya da shi, wannan romon ne za a tsinka miya da shi, shi ne kuma zai shiga jalof da taushe. Kafin azahar babu tukunyar da rago bai leƙa ba. Har agada da dankalin da aka soya wa yara, a man naman aka jefa su don kada a yi asarar mai.

Gyaran shi ne a sauya jerin aikin. A fara soya markaɗen tumatir da tattasai da attarugu da albasa a sabon mai, man gyaɗa ko manja, har ruwan ya ƙone mai ya taso sama, abin da kan ɗauki minti 25 zuwa 30 a babbar tukunya. A nan ne, kafin a zuba romo ko dunƙulen kaza, za a ɗebi ludayi uku a zuba a ƙaramar tukunya. Wannan ya ishi mutum ɗaya ci biyu, rana da dare. Babbar tukunya ta ci gaba da tafiyarta kamar yadda aka saba, a zuba mata romo da man nama yadda ake so. Ba a rage wa kowa ɗanɗano ba, ba a ƙara wa mai girki wahala ba. Haka ma suya: awara da agada da dankali su fara shiga mai, nama ya biyo baya. Man da ya soya awara zai soya nama lafiya lau, amma ba a komawa baya. Kuma ƙaramar tukunyar nan a ba ta ludayinta, domin ludayin da ke yawo tsakanin farfesu da miya shi ke ɓata duk wannan tsari a minti na ƙarshe.

Abin da ke biyo baya shi ne ƙorafin cewa miya ba romo salam take. Gaskiya ne in aka zuba ruwa zalla aka tafi. Abin da romo ke bayarwa shi ne kauri da ƙanshi da ɗanɗanon da ke zama a harshe, kuma ana samun su ta wata hanya. A yanka albasa babba guda, a soya a wuta kaɗan minti 15 zuwa 20 har ta yi ja ta yi zaƙi, ban da ƙonewa, domin ƙonanniyar albasa ɗaci take sa wa miya. A daka daddawa guda ɗaya da citta da masoro kaɗan a zuba a mai tun kafin ruwa, ta soyu minti biyu. Daddawar da aka jefa cikin ruwa a ƙarshe warinta ne ke fitowa, daɗinta bai fito ba. Wanda bai samu daddawar Arewa ba, iru na Yarbawa da ke kowace kasuwa a Legas daga kalwa ɗaya ake yin su, sai dai shi ɗanye ne mai laushi, a ɗauraye shi a rage gishirin miya. In akwai gawayi a hure, kuma ranar layya ba a rasa shi, a gasa tattasai biyu har bayansu ya yi baƙi, a ɓare a markaɗa a ƙara. Wannan ƙanshin hayaƙin shi ne rabin abin da mutane ke nema a jalof ɗin biki.

Ga jalof ɗin mutum biyu: shinkafa gwangwanin madara uku, soyayyen kayan miya ludayi biyu, ruwa daidai kan shinkafar, kori da tayim rabin ƙaramin cokali kowanne. A rufe bakin tukunya da kyau, a rage wuta sosai, kada a riƙa buɗewa. Ƙaramar tukunya ta fi babba saurin kamawa a ƙasa, don haka wutar da ta dace da tukunyar mutum ashirin za ta ƙona wannan kafin shinkafar ta nuna.

Miyar da muka fi ba da shawara a kai ita ce taushe, domin ita ce ba ta cika nuna rashin nama ba, kuma ga waina ga tuwon shinkafa duk tana tafiya. Ta mutum huɗu: kabewa rabin kilo, tumatir huɗu, tattasai uku, attarugu biyu, albasa biyu, daddawa biyu, manja babban cokali huɗu, markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali huɗu, alayyafo ɗauri ɗaya, yakuwa ɗan tafin hannu. A dafa kabewar ta yi laushi a dame ta cikin soyayyen kayan miya. Gyaɗar a fara kwaɓa ta da ruwan ɗumi a kofi; in aka jefa ta a dunƙule sai ta yi gudaji ta zauna a gindin tukunya ta ƙone, kuma ƙaurin gyaɗa ba ya gyaruwa. Bayan ta shiga a riƙa motsawa minti goma har mai ya fara fitowa. Ganye a ƙarshe, minti biyar. Yakuwa in ta yi yawa, a miyar da babu kitsen da zai danne ta, tsami ne zai rufe komai.

Sai abin da zai zauna a gurbin nama, wato awara. A nan akwai tarko biyu ga mai saye a Legas. Abin da Yarbawa ke sayarwa da sunan wara cuku ne na nonon shanu, na waken suya beske suke ce masa, don haka ɗan aike ya san abin da zai tambaya. Na biyu, masu awara da yawa suna tsoma ta a ƙwai kafin suya. Yin ta a gida ranar jajibere ya fi kwanciyar hankali. Waken suya derika ɗaya, wato rabin kilo da ɗoriya, a jiƙa shi awa 6 zuwa 8. A zafin Legas in ya wuce haka ba a sauya ruwa ba zai fara tsami, madarar ta tsinke tun kafin a so. A markaɗa, a tace da kyalle, ruwan duka ya kai lita huɗu zuwa biyar. A ɗora a tukunya mai zurfi a tsaya a kanta, domin madarar waken suya tana yin kumfa ta taso tun ba ta dahu ba. Wannan tasowar farko yaudara ce. A rage wuta a bar ta ta ƙara tafasa minti 10 zuwa 15, in ba haka ba awarar za ta yi gafi ta kuma dami ciki. Sannan a kawo ruwan tsami: ko ruwan da ya kwanta a kan gasarar koko, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace, ko ruwan lemon tsami kamar rabin kofi da aka sirka da ruwa. A zuba kaɗan-kaɗan, a juya a hankali sau ɗaya ko biyu, a dakata. Da zarar farar awara ta taru sama, ruwan ƙasa ya koma garai-garai mai ɗan rawaya, a tsaya. Ƙarin tsami bayan nan shi ke sa ta tauri da tsami da marmashewa, juyi da ƙarfi kuma yana wargaza ta ta bi ruwa. A kwashe a kyalle, a barbaɗa gishiri da jajjagen albasa da attarugu, a ɗaure, a danne da dutse ko tukunya cike da ruwa. Awarar da za a ci haka nan minti 30 ya isa. Wadda za ta shiga miya a ba ta awa guda ko fiye, ta matse sosai, a yanka manya, a soya ta yi ja, sannan a jefa a miya minti goma na ƙarshe. Wadda ba a soya ba narkewa take a miya. In an shafa mata mai aka birkiɗa a yajin ƙuli aka gasa a waya, ga tsire; sai dai a gasa ta kafin nama ya hau wayar.

A yi ninki biyu na abin da ake bukata. Duk wanda ya taɓa ajiye soyayyar awara da yaji a gidan Sallah ya san yaran da ke riƙe da nama a hannun dama su ne za su fara kai hannun hagu. A kuma faɗa wa baƙi cewa akwai gyaɗa da waken suya a ciki, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka.

Alale da ƙosai da ɗanwake da kwaɗon zogale abincinmu ne na gado kuma asalinsu babu dabba a ciki. Alale ba ya bukatar ƙwai kafin ya kama jikinsa. In ya ƙi daskarewa, ruwa ne ya yi yawa a ƙullun ko turarin bai kai minti 45 ba. Abin lura shi ne ƙarin da zaman Legas ya koya wa hannuwa. A gidan da aka yi auratayya da Yarbawa, ko ake karɓar abincin maƙwabta na Ileya, wato Babbar Sallah a bakin Yarbawa, kirafish yana shiga alale da miyar ewedu (lalo) da faten doya ba tare da mai girki ta lissafa shi a matsayin nama ba, haka busasshen kifi da ganda a efo, miyar ganyen Yarbawa. In ka tambaya ko akwai nama za a ce maka babu, kuma ba ƙarya aka yi ba. Tambayar da ke aiki ita ce a ambaci abin da sunansa: da romo? da kirafish? da kifi? da man shanu? A ɓangarenmu kuma, wasu na sa nono ko ƙwai a ƙullun waina, ana zuba man shanu a kan tuwo da miyar kuka, nakiya da alkaki sukan zo da zuma ko man shanu, cincin da kek kusan kullum da bota da ƙwai da madara. Dunƙule a karanta bayan kwalinsa, domin akwai na ɗanɗanon kaza da na naman shanu. Fura kuwa ana dama ta da kunun aya ko madarar waken suya ta yi daɗi, amma a dama lokacin da za a sha.

Wanda zai taho da abincinsa daga nesa, a ce daga Ajah zuwa Agege, ya yi lissafin hanya. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah a damina take faɗowa, ga zafi ga laima, ga wutar lantarki ba tabbas. Ƙa'idar masana ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Alale da miyar gyaɗa da kunun aya su ne kan gaba wajen lalacewa. A zuba abinci a kula yana tururi, a rufe, kada a buɗe a mota. In an isa a sake tafasa miyar. Awara a soya ta a gida ta huce a zo da ita a buɗaɗɗen mazubi, domin in aka rufe ta da zafinta gumi take yi ta saki. Damina kuma lokacin tsadar tumatir ne a kasuwar Mile 12, don haka mai neman a ware masa tukunya ya kawo gudummawar kayan miya ko kuɗinsu. Kauɗar tumatir da aka jiƙa aka haɗa da tattasai tana rufa asiri.

Duk wannan ba zai yiwu ba in ba a yi magana da wuri ba, kuma da wadda ta dace. Ba a gaban taro ake sanarwa ba, ba kuma ga maigida ba, wanda hankalinsa na kan rago da mahauci. Ga mai riƙe da ludayi ake zuwa, kwana uku kafin Sallah, kafin a je cefane. Kuma roƙon ya zama ƙarami mai iyaka: "Hajiya, don Allah in an soya kayan miya a ɗibar min ludayi uku kafin a zuba romo, sauran ni zan ƙarasa." Wannan kowace uwa za ta iya. Amma "ni fa ba na cin komai na dabba" jefa ta cikin ruɗani ne, sai ta rasa ta inda za ta fara, ta ji kamar an ce duk girkinta bai yi ba. In amarya ce za ta yi Sallah a gidan surukai, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, kuma in ta faɗa za a iya ɗauka da wata manufa. Aikin mijinta ne ya gaya wa mahaifiyarsa tun kafin su zo, ita kuma ta shiga kicin da wuri ta kama aiki.

Wajen ci, ba mu goyon bayan mutum ya ware gefe da kwanonsa. Ya zauna a da'irar da ake cin tire ɗaya, tuwo ko waina na kowa ne, ƙaramin kwanon miyarsa na gabansa, a bar gefensa ba a kwarara miyar nama ba. Bikin magaji ba ya hana na magajiya. In aka fara tsokana, ko ka sauya addini ne, ko tsadar Legas ce, yanka ɗaya ba zai kashe ka ba, amsa ɗaya gajera da dariya ta isa. Wa'azi kan wahalar dabba a gaban mutanen da suka tara kuɗin wata da watanni suka yi ibada da rago rashin ta ido ne, kuma ba ya sauya ra'ayin kowa. Su kuma dangi, zuba romo a ɓoye sannan a zo ana cewa "ga shi ka ci ba abin da ya same ka" cin amana ne. Wanda aka yi wa haka ba zai sake yarda da kwanon gidan ba, bana ya zo da kularsa, baɗi ya ce aiki ya riƙe shi.

Tun da zancen addini ne ke fara fitowa, a san iyakarsa. Nama halal ne, layya sunna ce mai ƙarfi ga mai hali a mazhabar Malikiyya, kuma Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya hana haramta abubuwa masu daɗi da Allah ya halatta. Don haka wanda ya bar nama kada ya ce haramun ne ko ya aibata mai ci. Amma barin cin halal ba tare da haramta shi ba wani abu ne daban. Ya tabbata a hadisi cewa an kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa kuma ransa ba ya so, Khalid ya ci a gabansa. Ya kuma tabbata cewa wanda aka gayyata abinci ya amsa, in ya so ya ci, in ya so ya bari. Ci daga naman layya abin so ne a wurin mafi yawan malamai. Rashin ci bai ɗauke wa mai hali sunnar yanka ba, yana iya wakilta wani ya yanka ya rabar. Kason da aka aiko masa kuma ya karɓa ya yi godiya, ya miƙa wa maigadi ko maƙwabcin da bai samu yi ba; mayar da kwano da namansa a ciki shi ne abin da ake riƙewa a zuci.

Akwai wuri ɗaya da iyayen da ke cewa "jininka zai ƙare" suke da gaskiya. Wake da gyaɗa da waken suya suna ba da sinadarin gina jiki isasshe: busasshen waken suya yana da kusan giram 36 a kowane giram 100, wake da gyaɗa kusan 24 zuwa 26. Amma bitamin B12 ba a samun sa yadda za a dogara a kayan gona, har da daddawa. Babban mutum na bukatar kusan maikirogiram 2.4 a rana, kuma saboda hanta na ajiye shi na shekaru, rashinsa ba ya nunawa da wuri. Sai daga baya a ga kasala da ƙarancin jini da jin ƙaiƙayi ko mutuwar yatsu. Duk wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya ya riƙa shan ƙwayar B12, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa sai da shawarar likita. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da zogale jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da lemo ko ɗanyen tumatir, shayi kuma yana rage ɗaukarsa, don haka a bar awa guda tsakanin cin abinci da shayin bayan la'asar.

Ƙaramar Sallah ta fi sauƙi tun da kaji ne da ɗan naman miya, haka Kirsimeti a gidajen 'yan'uwanmu Hausawa Kirista, amma jerin aikin ɗaya ne: sabon mai, kayan miya, a ɗiba, sannan romo. A gidan haya mai murhu ɗaya ko kan gas biyu, inda babu wurin ɗora ƙaramar tukunya ranar Sallah, a yi nata aikin daren jajibere, a tafasa ta da asuba kafin a tafi Idi, a sake ɗumamawa lokacin da aka sauke tuwo.

Mun gode da wannan fili. Allah ya maimaita mana.

Wasu masu girkin biki da masu ba da shawara kan abinci,
Agege, Legas.